Da Harshen Tackett Ya Yi Gardama

Laraba, 4 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Lafiyata ƙalau. Na fara da wannan ne domin tun jiya ba a yi mini wata tambaya ba sai ita. Verna ta yi ta kafin in gama buɗe ido, ta sake yi da ta kawo gahawa, sannan ta tsaya a kaina tana kallon yadda nake riƙe kofi. Na ce mata, shekara talatin da biyar da aure, in har yanzu ba ki gama kallona ba sai haƙuri, babu wani sabo da zai fito.

Abin da ya faru jiya a zaman kwamiti bai kai a yi masa wannan gayya ba. Ɗakin ya yi zafi, ban ci abincin rana ba, ina tsakiyar yi wa lauyan kamfanin kwal tambayoyi, sai na tsaya. Mutum ba shi da ikon tsayawa? Na yi rabin rayuwata ina lauya a kotunan gundumarmu, sauran ina wakiltar mutanena a Majalisar Wakilai nan Washington, bakin nan bai taɓa neman hutu ba. Rana ɗaya ya ɗan huta, sai ga mutane suna miƙo ruwa ta ko'ina.

Dokata za ta shiga zaure ranar sha tara ga wata. Magana ɗaya ce a cikinta: in sufeton gwamnati ya sami iska mai kama wuta a ramin kwal, yana da ikon rufe ramin nan take, ba sai ya nemi yardar mai kamfani ba. Da tana nan bara, da mazajen da Rami na Huɗu ya binne a garinmu Marlow Fork yanzu suna gidajensu suna faɗa da matansu. Shekara shida ina tura ta. Ba yanzu da ta iso bakin ƙofa zan kwanta ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Prescott Langley ya tare ni a baranda. Tun muna samarin lauyoyi muke karawa, shi yana tsaya wa kamfanoni, ni ina tsaya wa masu haƙa, har ƙaddara ta kwaso mu ta zube a majalisa ɗaya. Shi zai jagoranci masu adawa da dokar. Jiya yana zaune a kwamitin.

Ya ce, "Orrin, jiya ka ba ni tsoro."

Na ce, "Shekara talatin ina ba ka tsoro, Prescott, sai yau ka amsa?"

Ya yi dariya, amma idonsa na kan hannuna na dama. Na sa hannun a aljihu.

Alhamis, 5 ga Maris, tsakar rana

Gajiya ce kawai.

Asabar, 7 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma, a gida

Verna ta ce ko dai mu hau jirgin ƙasa mu zo gida in ga Dokta Kessinger, ko ta kira likitan majalisa da kanta. Likitan majalisa kuwa, abin da ya ji da safe kafin azahar yana kunnen 'yan jarida. Na zaɓi jirgi.

Abner Kessinger abokina ne tun muna firamare, don haka yake ganin yana da izinin rena mini hankali. Ya ce in yi murmushi, na yi. Ya ce in matse yatsunsa da hannun hagu, sannan da na dama. Ya jera tarkace a kan tebur ya ce in faɗi sunayensu. Agogo. Mabuɗi. Alƙalami. Ya ɗaga wani abu. Na san shi sarai, kullum da shi nake cin abinci. Na ce masa wannan wasan yara ne, ni ba don shi na zo ba.

Ya ajiye abin a hankali. Ya faɗi sunan da su likitoci suke ba irin wannan, ba kuwa zan rubuta shi a nan ba, domin ban yarda da hukuncin ba. Ya ce, "Ƙwanƙwasa ƙofa aka yi maka, Orrin. Zuwa na biyu ba a yin sallama."

Na ce, "Ka ba ni mako biyu."

"Ni nake rabon makonnin? Ka manta yadda mahaifinka ya ƙare? Shekara nawa yana kwance ɓari guda a mace, yana kallon mutane ba ya iya kiran sunansu?"

Na ce mahaifina ba ya cikin wannan shari'a. Ya ba ni ƙwayoyi, ya hana ni taba da gishiri da fushi. Na ce na ji biyun farko, na ukun kuwa da shi nake cin abinci.

Cokali. Ga shi nan na rubuta. Cokali.

Lahadi, 8 ga Maris, bayan an taso daga coci

Na yi waƙa da kowa, na gaisa da fasto, na tsaya a bakin ƙofa ina miƙa hannu har aka watse. Duk wanda ya zo ganin gawa ya koma da kunya.

A tebur ne aka ɓata mini rana. Verna ta soya kaza, ta yi gurasar masara, nawa kason babu gishiri, kamar ana tauna takarda. Nadine ta zo. 'Yata ce ɗaya tilo, lauya ce ita ma, ita ke riƙe ofishina na nan gari tun da na tafi majalisa. Ta ci abincinta, ta ajiye cokali mai yatsu, ta ce:

"Baba, ka gaya wa shugaban masu rinjaye. A ba wani ya jagoranci muhawarar."

"In gaya masa me?"

"Abin da Dokta Kessinger ya gaya maka."

"Likita ba ya fitar da sirrin mara lafiya. Ashe har wannan ba a koya miki a makaranta ba?"

"To ka dai amsa kai mara lafiya ne."

Ta kama ni, kuma da irin tarkona. Na yi kamar ban ji ba. Na bayyana mata abin da ta riga ta sani: ranar da shugaban ya ji ƙishin-ƙishin, zai cire dokar daga jerin ayyuka ya ce sai baɗi. Baɗi kuwa bayan zaɓe ne, ba wanda ya san wa zai dawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kamfanonin nan suna da ƙadangaru da yawa.

Ta ce, "In ka faɗi a gabansu fa?"

Na ce, "Ban taɓa faɗuwa a gaban kowa ba."

Verna ta tashi ta kwashe kwanuka tun ba mu gama ba.

Litinin, 9 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Casimir Dudek ya zo kafin mu tafi tasha. Shi ne shugaban ƙungiyar masu haƙa a nan. Ƙanensa yana cikin waɗanda ba a fito da su daga Rami na Huɗu ba, kamfani ya liƙe bakin ramin da siminti suna ciki. Ya ƙi shigowa falo, wai takalmansa da datti. Muka tsaya a baranda.

"Lauya, an ce ka faɗi a Washington."

"In ji wa?"

"In ji shagon aski."

"To ka koma ka ce wa shagon aski ga ni a tsaye."

Ya juya hularsa a hannu. Ya ce, "Mu ba mu iya magana ba, shi ya sa muka aike ka. In bakin ya gaji, ka faɗa mana gaskiya mu san inda dare ya yi mana. Ba za mu zage ka ba."

Na ce ya cika motar bas da matan da suka rasa mazajensu, ya kawo su ranar sha tara, su zauna a benen 'yan kallo inda kowane ɗan majalisa zai gan su. Sauran ya bar mini. Ya miƙo hannu, na ba shi na dama. Na matse iya ƙarfina. Bai nuna ya ji wani bambanci ba, ko kuma kirki ne ya hana shi nunawa.

Laraba, 11 ga Maris, ƙarfe uku na rana, Washington

Shugaban masu rinjaye ya kira ni ofishinsa, wai mu duba lissafin masu goyon baya. Ba lissafi yake dubawa ba, ni yake dubawa. Na ba shi abin da ya zo gani. Na kawo masa 'yan majalisar da ke rawa ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowanne ke tsoro da abin da yake kwaɗayi, ban duba takarda ba. Na rufe da labarin alƙalin nan na gundumarmu da ya yi barci a tsakiyar shari'ar satar alade, ya farka ya raba aure. Ya yi dariya har ya share hawaye.

Ya ce, "Wai mutane ke cewa ka tsufa."

Na ce, "Mutane ba su yi ƙarya ba. Amma tsohuwar zuma ake magani da ita."

Dokar tana nan a ranarta. Lafiyata ƙalau.

Alhamis, 12 ga Maris, da safe

Yau Verna ce ta yi mini aski. Rezar ce ba ta da kyau.

Juma'a, 13 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na dawo gidanmu na nan Washington na tarar da akwatin Nadine a bakin ƙofa. Ba wanda ya gayyace ta, in ji uwarta, tana kallon rufi.

Bayan cin abinci na tsaya a falo na gwada musu jawabin. Farkonsa ya tafi kamar ruwa a gangare. Na zo wajen da nake bayanin yadda iskar ke taruwa a rufin rami, sai wata kalma ta ƙi zuwa. Na zagaye ta. Kowane lauya ya iya zagaye. Ta gaba ma ta ƙi. Na ce ƙishirwa nake ji.

Nadine ta fito da wasu ƙananan katuna daga jaka. Ta ɗauki jawabina ta yanyanka shi guntu-guntu, ta buga da manyan baƙaƙe kamar na koya wa yara karatu.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Sanda ce, Baba. Ba dole sai ka dogara ba, ka dai riƙe."

"Tun kafin a haife ki nake magana a gaban jama'a, ban taɓa karanta jawabi daga takarda ba. Mai karatu daga takarda magatakarda ne, ba lauya ba."

Ta ce, "Na gane. Shi ya sa ni ce magatakardarka duk shekarun nan. Ni ke shirya kowace shari'a a ofishin can, in ranar shiga kotu ta zo ka hau jirgi ka zo ka yi maganar, ko ka ɗauko hayar wani namiji ya yi."

Na ce mutanen gundumarmu ba su saba jin mace a kotu ba, ba ni na yi su haka ba. Ta ce, "Ta ina za su saba?" Ta ajiye katunan a kan rediyo ta shige ɗaki.

Ba wannan muka zauna tattaunawa ba. Ban san yadda aka yi maganar ta karkata can ba.

Asabar, 14 ga Maris, tsakar rana

Katunan na nan a kan rediyo. Ban taɓa su ba. Na dai duba na farko, ta yi kuskuren farawa da adadi. Ba a fara jawabi da adadi.

Litinin, 16 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Langley ya shigo ofishina ba sallama, ya rufe ƙofa, ya zauna a kujerar baƙi ya miƙe dogayen ƙafafunsa.

Ya ce, "Zan nemi a ɗage muhawarar zuwa kaka. Zan ce ni ne ban shirya ba. Ba wanda zai san komai."

"Komai kamar me?"

"Orrin, na binne yayana shekara biyu da suka wuce. Na san yadda abin ke farawa."

Na ce masa iskar rami ba ta san kaka ba. Yau da safe mutum dubbai sun sauka ƙarƙashin ƙasa, gobe ma za su sauka. Ya ce dokata za ta rufe ƙananan ramuka rututu, mutanen da nake kuka dominsu su rasa abin kai wa baki, kuma ya yi imani da hakan har zuciyarsa. Na san ya yi. Abin da ke sa karo da shi wuya ke nan.

Da zai fita ya ce, "To ka sani ba zan raga maka ba."

Na ce, "In ka raga mini sai na kai ka ƙara."

Talata, 17 ga Maris, da safe

Maɓallan riga sun yi ƙanana a zamanin nan. Zan gaya wa tela.

Laraba, 18 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Bas ɗin Dudek ta iso. Na je masaukinsu na gaishe su. Sun sa kayansu na zuwa coci, wasu ba su taɓa fita daga gunduma ba. Wata tsohuwa, uwar yara biyu da suka tafi rana ɗaya, ta kama kwalar rigata ta gyara ta, ta ce, "Ka ci abinci kafin ka shiga, ka ji? Ka rame." Na san sunanta. Ni na tsaya wa mijinta a kotu lokacin da dutse ya karya masa baya. Na kira ta Mama, ta ji daɗi.

Gobe za su ji abin da suka zo ji.

Verna ta goge kwat ɗina mai ruwan toka. Na ji nauyi a aljihun ciki, na san abin da aka sa. Ban cire ba, don kada a ce na yi fushi, kuma an hana ni fushi.

Juma'a, 20 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in sa shi a tsare kamar yadda ya faru.

Zaure ya cika. Matan Marlow Fork suna layin gaba a bene, Verna da Nadine a gefensu. Kakaki ya ba ni dama, na miƙe. Ban taɓa magana kamar jiya ba, kuma ba yabon kai ba ne, masu adawa ma sun daina hira. Na sauko da su cikin rami. Na sa sun ji yadda mutum ke tafiya a sunkuye, fitila a goshi, dutse a kan wuyansa. Na gaya musu sufeto ya shiga Rami na Huɗu kafin abin ya faru, ya auna iskar, ya rubuta abin da ya gani, ya roƙi manaja ya fito da mutane, manaja ya ce zai duba. Na ce roƙo ne kaɗai makamin da muka ba wannan sufeto, yau na zo neman a ba shi kwaɗo da mabuɗi.

Sai wani matashin ɗan majalisa daga ɓangaren Langley ya nemi in ba shi dama ya yi tambaya. Na ba shi. Ya ce, ko mai girma wakili zai faɗa wa zaure a wane gari wannan rami yake, don a rubuta?

Tambayar banza. Na buɗe baki.

A garin aka haife ni. Ina ganin gadarsa, ina ganin hasumiyar cocinsa, ina ganin tagar ofishina a saman kantin magani. Na tsaya da baki a buɗe. Na ji zauren yana yin shiru daga gaba zuwa baya. Na ɗaga kai, na ga Dudek ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Hannuna na dama yana kan tebur, na umarce shi ya ɗauki kofin ruwa, bai ji ba.

Sai na ji muryar Langley. "Mai girma kakaki, ina da ƙorafi kan ƙa'ida. A ganina waɗanda ke zauren nan ba su kai adadin da doka ta ce a yi zama da su ba. Ina neman a kira suna."

Aka fashe da dariya, domin ko kujera ɗaya babu a wofi. Kakaki ya ce ai mai girma wakili yana da ido. Langley ya ce idonsa ba ya cikin dokokin majalisa, ya jawo littafin ƙa'idoji ya shiga karanto sashe bayan sashe da muryar nan tasa ta mai wa'azin jana'iza, yana ja da kakaki a kan kowace gaɓa, mutanensa suna jan rigarsa yana ture hannunsu. Ya cinye lokaci mai tsawo. Ni kuwa na zauna. Na sha ruwa da hagu. Na sa hannu a aljihun ciki.

Katin farko, layi na biyu, da manyan baƙaƙe: MARLOW FORK.

Da kakaki ya kori ƙorafin, na miƙe na amsa wa yaron tambayarsa. Sauran jawabin karanta shi na yi, kati bayan kati, a gaban majalisa duka. Gajerun jimloli ne, babu ado. Sai da nake karantawa na lura sun fi nawa shiga jiki. A wajen da ta rubuta cewa matan da ke bene ba sadaka suka zo nema ba, sun zo ne don kada wata bas ta sake zuwa, wani daga ɓangaren adawa ya sunkuyar da kai.

Langley ya tashi bayana ya yi wa dokar kaca-kaca, bai bar mata ko zani ba. Ya samu an cusa gyara ɗaya, cewa mai kamfani na iya garzayawa kotu bayan an rufe ramin. Bayan an rufe. Wannan na iya zama da shi. Aka kaɗa ƙuri'a, ya ce a'a da babbar murya. Dokar ta wuce da ƙyar, kamar raƙumi ta ƙofar gari, amma ta wuce. Saura Majalisar Dattawa, can kuma muna da masu tura ta.

A ɗakin ajiye riguna na same shi yana sa kwat. Na ce, "Me ya kai ka?"

Ya ce, "Na ga kamar zauren bai cika ba."

Na ce, "Idonka ya fara lalacewa, Prescott. Ka ga likita."

Ya ce, "Mu je tare."

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Lafiyata ƙalau. Kaina ne ke ɗan sarawa, murna ce.

Alhamis, 26 ga Maris, da hantsi

Ba na son launin bangon ɗakin asibitin nan.

Asabar, 28 ga Maris, da rana

Da hagu nake rubutu. A yi haƙuri da shi. Abincinsu ba gishiri. Wata malama tana zuwa da hotuna, in faɗi suna. Yau na ci duka sai biyu.

Talata, 31 ga Maris, da safe

Verna a kujera take kwana tun ranar da aka kawo ni. Na ce ta je gida ta huta. Ta ce, "Da ka ji maganata, da yanzu ina da bakin jin taka." Ta fi ni gaskiya a wannan gaɓa kaɗai.

Langley ya aiko da lemo. Masu tsami ya zaɓo.

Lahadi, 12 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma, a gida

Na sa Nadine ta kai ni zauren ƙungiyar masu haƙa. Abner ya ce kada in je, don haka na gayyace shi ya zo ya gani. Na shiga da ƙafata, sanda a hannu don ƙasan wurin ba daidai yake ba.

Ban yi dogon bayani ba, yanzu ina auna kalmomi kafin in kashe su. Na ce zan ƙarasa wa'adina, in ga dokar ta fita daga Majalisar Dattawa, amma ba zan sake tsayawa zaɓe ba. Su nemi wani tun da wuri, mai ƙarfin huhu, wanda ba ya cin abincin dare a gidan manaja. Na ce ba kora ta aka yi ba, ba kuma kayar da ni aka yi ba, a rubuta wannan.

Dudek ya miƙe daga baya ya ce, "Lauya, ranar nan a baranda ƙarya ka yi mini."

Na ce, "Na ce maka ina tsaye. A zaune ka same ni?"

Zauren ya ɗauki dariya, har Abner. Dudek ya taho ya kama hannuna na dama da hannayensa biyu, ya riƙe shi ya daɗe, bai matse ba.

A mota Nadine ta ce kamfani ya kori wani mai haƙa, Wendell Sizemore, don ya ƙi sauka rami ranar da ya ji warin iska, ya kuma hana abokan aikinsa sauka. Shari'ar tana ƙarshen wata. Ta tambayi wane lauya nake so ta ɗauko daga babban birnin jiha.

Na ce ba na son kowa. Ta dube ni, ta mai da ido kan hanya.

Talata, 28 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Kotu ta cika, rabinsu sun zo ne su ga yadda na koma. Alƙali tsohon abokin farautata ne. Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Mista Tackett, kai za ka buɗe?"

Na ce, "Lauya Tackett ce za ta buɗe, ya mai shari'a. Ni rakiya na yo."

Mutum goma sha biyun da ke taya alƙali yanke hukunci suka kalli juna. Wani manomi a cikinsu, a layin gaba, ya harɗe hannu a ƙirji ya jingina da baya. Muryar Nadine ta yi rawa a jimlar farko. A ta uku ta daina.

Da ta zo kan manajan ramin, ta bar wata tambaya da ni da ita zan fara: wa ya ba da umarnin a kashe fankar iska ranar, don a rage kuɗin wuta? Na ga ta wuce wurin. Na jawo takarda na rubuta tambayar da hagu, da ƙyar. Na ɗaga hannu zan tura mata. Sai na kife takardar na ɗora sandata a kai.

Ta bar shi ya yi ta zuba, yana yabon kamfani, yana cewa ko kwan fitila ba a kashewa a ramin sai da saninsa. Ta sa ya maimaita. Ta koma kamar za ta zauna, sannan ta juyo ta ce, "Har da fanka?"

Mutumin ya nemi ruwa. Manomin nan ya warware hannayensa ya matso gaba.

An tashi sai gobe za a ji hukunci. A matakalar kotu ta ce, "Baba, yaya ka gani?"

Na ce, "Kin yi tsawo a rufewa."

Verna ta taka mini ƙafa, mai lafiyar.

Za ta ci. Na san fuskar mutanen gundumar nan in sun gama yanke shawara. Ranar Alhamis tana da wata shari'ar, ta rikicin iyakar gona. Ta ce in ina so in zo. Zan duba ko ina da lokaci.